Inuwar Shaho Mai Kunya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba mai tafiya ƙafa, ya ba mai tashi fiffike, nake buɗe wannan labari. Ni ne Mantau na Gangaren Ɗinya, wanda ya yi yawon duniya da ƙuruciya, yanzu kuwa ko bakin rijiya zai je sai ya yi shawara da gwiwoyinsa. Na shiga birane, na sha ruwan kogunan da ban san sunansu ba, na ci tuwon mutanen da ban ji harshensu ba. Amma in na zauna ni kaɗai, Korau nake tunawa, da tafiyar da muka yi neman tsuntsu guda.

Korau ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuwa ina ce masa Wuyan Zalɓe, don kullum kansa na sama. Tsaron 'yan tsaki aka ba shi don ya riƙa korar shirwa, sai ya ɓige da son shirwar. 'Yan tsaki suka ƙare ƙarƙaf, shi kuwa ya tashi da sanin duk wani mai farce da ke shawagi a samanmu. Yakan gane shirwa da wutsiyarta mai baki biyu wadda take murzawa kamar mai tuƙi. Yakan gane gaggafa da guntun bindinta da yadda take rangaji a iska, ya gane ci-ƙadangaru da baƙin layin da ke maƙogwaronsa. Ni dai ban da ra'ayin tsuntsu sai in a cikin miya na gan shi.

Akwai guda da Korau bai taɓa gani ba. Wani tsohon falke ne ya ba shi labarinsa, ya ce a can ƙasar Marzuma, inda ruwan sama ba ya hutu, akwai shaho mai launin toka da ake kira mai kunya. Fuskarsa ba gashi, rawaya ce, amma in ya haɗa ido da wani sai ta rine ta yi jawur. Yana da farin layi ɗaya tal a baƙar wutsiya, da dogayen ƙafafu rawaya masu lanƙwasuwa gaba da baya. Falken ya ƙara da cewa shahunan toka sun yi yawa a can, kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa, shi ya sa masu cewa sun gan shi suka fi waɗanda suka gan shi yawa.

Shekaru Korau na cewa wata rana zai je, muna yi masa dariya. Sai yanar ido ta fara rufe masa idon dama, ta gama da shi, ta taɓa na hagu. Wata safiya ya same ni ina gyaran darni, ya tsaya bai yi mini ba'a ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ya ce, "Bawana, hasken nan ƙarewa yake yi. Ina so in ga tsuntsun nan kafin a rufe mini ƙofa. Ka raka ni."

Na ce masa mahaukaci ne, na kuma faɗa masa cewa jakina ya fi shi hankali. Washegari jakin ne na ɗaura wa mangala, muka kama hanya mu uku.

Bayan mun bar ƙasashen da ake jin Hausa, muka isa Birnin Rataye. Mutanen wannan birni ba sa gini a ƙasa saboda wasu tururuwa masu cin tubali. Ɗakunansu na saƙa ne, suna rataye da igiyoyi a jikin kukoki masu girman tsauni, har kasuwarsu a sama take ci, in iska ta taso sai ka ga mai sayarwa da mai saye suna lilo tare. A nan wani mai tarko ya ji abin da muke nema, ya ja mu rumfarsa, ya buɗe wani keji. Ga shaho mai launin toka, fuska fayau ba gashi, ja kamar gauta. Zuciyata ta yi fari, na ce tafiya ta zo da sauƙi. Mutumin ya ce jakinmu kawai yake so, mu tafi da tsuntsun.

Korau ya matso da idonsa na hagu, ya duba, ya duba. Sannan ya kai hanci ya shinshina, ya ɗago ya tambayi mai tarkon ko yaushe ne ɗaurin auren, tunda an riga an sa amarya a lalle. Ashe gashin fuskar wani shaho aka fige aka shafe ta da lalle. 'Yan kasuwa suka fashe da dariya, mai tarkon kuwa ya kira danginsa, suka kewaye mu da wuƙaƙen fawa, suka ce mun ɓata musu suna, sai sun tsinke igiyar da ke riƙe da rumfar da muke ciki. Na duba ƙasa na ga jakinmu ya koma kamar ƙwaro. Korau ya haɗa tafukansa a baki ya yi kukan mikiya mai farauta. Duk wata kaza da tattabara da zabuwa da ke kasuwar ta haukace, akurkai suka kife, gashi ya cika ko'ina. Kafin su gama kama dukiyarsu mun sulale ta igiya, tafin hannuna har yau da tabon.

Daga nan muka shiga Kogin Komau, wanda yake gangarawa da safe ya dawo da yamma, don haka masu kwalekwalensa ba su san tuƙi ba, jira kawai suka iya. A bakin wannan kogi shahunan toka suka fara yawa, aikina kuma ya fara. Korau ya daina hango na nesa sosai, sai in duba in faɗa masa, shi ya yanke hukunci. In na yi tsalle na ce ga shi, sai ya zaunar da ni da tambayoyi kamar alƙali. Layi nawa ne a wutsiya? In ce uku, ya ce mu wuce. Ƙafafun fa? In ce ja, ya ce wannan a garinmu ma akwai shi. Yana kaɗa fiffike da sauri ko a hankali? In na ce ban lura ba, sai ya ce Allah ya ba ni idanu biyu lafiyayyu amma ya manta bai haɗa su da kai ba. Ya hana ni dogara da launi, don rana na canza shi, ƙuruciyar tsuntsu ma na canza shi. Ya ce in riƙa kallon yadda tsuntsu ke zama a kan iska, don wannan ba ya iya aronsa.

Mun ratsa wani kwazazzabo inda mikiyoyi ke ɗaukar ɗan maraƙi, ba sa kuma kawo hari sai ta ƙeya. Korau ya sa na zana manyan idanu da gawayi a bayan ƙoƙunanmu, muka kifa a ka, har jaki na ɗaura wa ɗaya a gindi. Muka wuce suna ta kewaya mu sun rasa ina ne bayanmu. Mun yi dariya ranar har cikinmu ya ƙulle. Amma da muka fita, Korau ya tsaya ya yi wa wani suri sallama, yana tsammanin mutum ne zaune. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga fuskarsa, na haɗiye. Tsoro ya kama ni a ranar, irin wanda mikiyoyin ba su sa ni ba.

Muka isa Marzuma da farkon damina. Kurmi ne na kwakwar manja, kore shar, ƙasa na tururi in rana ta fito. A tsakiyar kowane ƙauye akwai dandali mai faɗi da aka shimfiɗe da farin yashi, ana share shi kullum har ba ka ganin ko tsinke. Muka sauka gidan wata tsohuwa mai jin harshen fatake. Sunanta ya ƙi zama a bakinmu, sai muka laƙaba mata Iya Marka, don ranar da muka zo ruwa bai ɗauke ba. Ina tuna ɗakin da ta ba mu, da ƙamshin manja a kan wuta, da kukan marai masu saƙa sheƙa a kan kowace bishiya. Ban taɓa zama inda ya kwanta mini kamar wurin nan ba.

Shahunan toka kuwa ga su nan bila adadin, suna kewaya saman dandali tun hantsi. A lokacin, ko da yake da ƙyar ne, Korau na iya hango tsuntsu a sama in ya kare ido da hannu. Muka shiga tambaya. Duk wanda muka ce wa ina shaho mai kunya, sai ya kau da kai, ya hau zancen ruwa ko na doya. Muka ɗauka ba su san shi ba, har Korau ya fara zargin falken nan da ƙarya.

Abu ɗaya ya faranta mana, shi ne ladabin mutanen. Muna zaune a bakin dandali da hantsi muna duban sama, sai ka ga gari duka ya tsaya cak. Maza su tuɓe takalma su rusuna, mata su ajiye tulu su durƙusa, mai ci ya rufe ƙwaryarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Mu kuwa 'ya'yan mutunci ne, ba a yi mana tarbiyyar a gaishe mu mu tsaya ƙiƙam ba. Sai mu ma mu zube, mu dunƙule hannu, kai a ƙasa, muna lafiya lau, lafiya lau, madalla, mun gode, har sai sun tashi. Korau ya ce tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa sanin darajarsa ba sai a nan. Ni na ce ni ake yi wa, shi albarkacina yake ci. Haka muka yi ta yi kullum, har damina ta raba tsakiya, idon Korau na ƙara dushewa, tsuntsu kuwa shiru.

Miyar manja ce ta tona asirin. Wata safiya ta murɗa mini ciki, muka fasa fita, na kwanta ina leƙen dandali ta kafar zana, Korau na gefe yana gyangyaɗi. Sai na ga gari ya tsaya, an tuɓe takalma, an zube ƙasa kamar kullum. Na duba gabas na duba yamma, ba baƙo, ba basarake, ba kowa. Wata inuwa ce kawai ta ratsa farin yashin a hankali, ta wuce, mutane suka tashi suka ci gaba da harkarsu.

Na manta da ciwon ciki, na je na sami Iya Marka tana tsince ganye. Na durƙusa na ce, "Iya, don Allah wa kuke gaisarwa?"

Ta kau da kai, ta ja bakin zanenta ta rufe baki. Nan take na gane wannan kau da kai, don na sha ganinsa a gida.

Ta ce, "A garinku mutum yakan kama sunan surukinsa? Yakan tsura masa ido?"

Da lallashi ta ba ni labarin, ba tare da ta ambaci tsuntsun ko sau ɗaya ba. Kakansu na farko, in ji ta, 'yar wannan tsuntsu ya aura, shi kuwa ya yi wa 'yarsa gara da ƙwallayen kwakwa, ya yi ta yar da su har kurmi ya tashi. Tun daga nan duk ɗan Marzuma surukinsa ne. Ba sa faɗin sunansa, ba sa ci a gabansa, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube shi. Na ce to yaya suke bambanta shi da sauran shahunan toka in ba sa kallonsa? Ta nuna farin yashin da haɓa, ta tambaye ni ko ina tsammanin don tsabta kawai suke wahalar shara.

Da na faɗa wa Korau, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa, ya ce, "Kenan kullum yana wucewa ta kanmu, mu kuwa muna ƙasa muna amsa gaisuwar da ba tamu ba." Mu biyu mun san cewa ranar da muka zo idonsa na iya kaiwa sama, yanzu kuwa bai wuce tsawon hannu biyu ba. Hasken rana ma ya zame masa azaba, in ya buɗe idon a fili na ɗan lokaci sai hawaye su cika shi, ba ya ƙara ganin komai sai wata safiyar.

Na gwada ɗaga kai in an rusuna, amma ɗigo nake gani a cikin ɗige-ɗige, rana na soka mini ido. Iya Marka ce ta kawo mafita. Ta ce in kwakwa ta nuna, sukan kai gaisuwar suruki: a sare nonon kwakwa na farko, mai jajayen 'ya'ya, a ɗora a kan kututture a tsakiyar dandali, gari duka ya durƙusa. Shi kaɗai ne lokacin da yake sauka, daga nan sai ya shige cikin kurmi inda ba a bin sa, ba a ƙara ganin inuwarsa sai wata damina. Ta kai maganarmu wurin dattawa, suka ce mu ba 'yarsa muka aura ba, don haka ba a hana makahon baƙo ya duba. Amma suka gargaɗe mu da abu biyu. Tsuntsun ba ya sauka in ya ga kai a ɗage, in kuma ya sauka, ƙila ya jure ido ɗaya na ɗan lokaci, ba zai jure biyu ba. Na biyu, akwai wani shahon toka mai kama da shi sak, da girma da farin layi da komai, wanda suke kira ɗan rakiya. Shi ma yakan sauko kan kwakwar. In aka ɗaga masa kai sai ya tsala ihu, surukin kuwa in ya ji ba zai zo ba.

Kallo ɗaya ke gare mu ke nan, kuma ni ne zan ce ga lokacinsa, kaina a ƙasa. Na zama ɗalibin Iya Marka. Kullum da hantsi muna bakin yashi tana zungurina da gwiwar hannu. Inuwar shirwa ba wuya, wutsiyarta na murɗawa. Ta ci-ƙadangaru ƙarama ce mai gaggawa. Wahalar tana tsakanin ɗan rakiya da shi surukin, don dukansu faffaɗa ne kamar faifai. Na yi ta kuskure tana tsaki, har na fara ganin abin da take gani. Ɗan rakiya yana naɗe ƙafafunsa, inuwarsa na tafiya sak kamar an ja zare. Shi kuwa wancan yana sakin dogayen ƙafafunsa, in rana na gefe sai ka ga sirara biyu suna reto a ƙarƙashin inuwar, tana tafe tana ɗan jinkirtawa kamar mai sallama a ƙofar gida. Da yamma in koma in zana wa Korau a tafin hannunsa da yatsa, yana gyaɗa kai yana cewa ashe bawan nasa zai yi hankali kafin ya mutu.

Ranar ta zo da rana fes bayan ruwan asuba. Aka ɗora kwakwar, aka zaunar da mu dab da kututturen, Korau ya rufe ido da rawani, hannunsa a kan gwiwata. Gari ya durƙusa, ba ka jin komai sai marai. Inuwoyi suka fara ratsa yashin. Shirwa ta wuce, ta dawo. Sai ga wata faffaɗa ta zo, ta yi girma, na ji iskar fiffike a ƙeyata, farata suka kama kututture. Yatsun Korau suka nutse a gwiwata. Zuciyata na cewa shi ne, amma inuwar ta zo sak, ban ga ƙafafu ba. Na danne hannunsa da nawa. Tsuntsun ya yi ta caccakar kwakwa, ni kuwa gumi na bin bayana, ina tunanin in na yi kuskure na cinye wa ɗan kawuna kallonsa na ƙarshe da hannuna. Da ya tashi ya tafi, sai na ji Korau ya saki wani numfashi da ban so ji ba.

Muka jira har gwiwoyina suka mutu. Sai marai suka yi tsit gaba ɗaya. Daga gefen gabas wata inuwa ta shigo yashin, ta jinkirta, ta matso, ta sake jinkirtawa, sirara biyu na reto a ƙarƙashinta. Ta zo ta haɗe da inuwar kututturen, ko ƙarar sauka ban ji ba.

Na ce a hankali, "Ɗan kawu, shi ne."

Na ji ya zame rawanin. Ga tsuntsun da na bar gida saboda shi, na sha wuya na ci yunwa, yana nan inda in na miƙa hannu zan taɓa shi. Wuyana har ƙaiƙayi yake yi. Amma na san duk numfashin da na ƙara a sunkuye na Korau ne, sai na kafe idona a kan yashi, ina kallon inuwar wani ɗan ƙaramin kai ta juyo wajenmu ta tsaya. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Daga baya iska ta bugi fuskata, inuwar ta ƙanƙance, ta bi ta kan itatuwa ta ɓace.

Na ɗago na ga Korau zaune, hawaye na zuba har gemu, yana murmushi. Na tambaye shi ko ya gani.

Ya ce, "Na gan shi, shi ma ya gan ni. Fuskar rawaya ce, bawana, ina kallo ta rine ta yi jawur har wuya. Duk rashin kunyar da na yi a duniya, yau ga wanda ya ji kunyata." Ya share fuska, ya juyo wajen muryata, idonsa bai same ni ba. "Kai fa, yaya ka gan shi?"

Na ce inuwarsa na gani, kuma ba laifi, inuwa ce mai kyau.

Sannan ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "To tashi ka ja ni gida. Kai ka riƙa faɗa mini hanya, ni in riƙa faɗa maka tsuntsun."

Idon bai ƙara buɗewa da wani abin kirki ba bayan wannan rana. Haka muka komo, ina gaba yana baya, ina ce masa ga dutse, ga rami, ga gangare, shi kuwa yana ba ni tsuntsun gashi bayan gashi, tun daga baki har farce. Ya yi shekaru masu yawa a Gangaren Ɗinya bayan haka, bai fasa kirana bawa ba, bai kuma taɓa ba da labarin iri biyu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A nan hikayata ta tsaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In kun ji ina siffanta shaho mai kunya kamar na haɗa ido da shi, to da idon Korau na gan shi, na hagu.